Maraɗi: Motar da Ake Bari Ta Yi Wasa

Na tashi zuwa Maraɗi don ganin wata 'yar motar hannu mai koyon tuƙa kanta. Daga Kano zuwa Katsina babu abin ba da labari. Bayan Jibiya aka fara sauke mu, a wani shinge kuma wani jami'i ya zazzage jakata, ya ɗaga batiran caji samfurin 18650 da na ɗauko wa mai masaukina yana tambaya da tsawa ko harsashi ne. Sai da na sa ɗaya a tocila ta kama sannan ya wurgo mini jakar, ko sannu babu. A Maraɗi lissafi ya koma na dala: sefa 5 dala ɗaya, sefa 1000 jikka. Ɗan kabu-kabu ya ce dala sittin, na biya ban yi ciniki ba, don naira ta riga ta ba ni kunya a hannun 'yan canji.

Mai masaukin nawa malamin kimiyya ne, yara na kiransa Mushe, wato Monsieur na Faransanci. "Malam, sha hura tukuna, mota ba ta gudu," in ji shi. Furar ta fi tamu ta Kano kauri da yaji, kuma ya hana ni taɓa aljihu har na bar garin.

Motar ba ta wuce tsawon takalmi ba: allon ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, injina biyu, L298N mai ba su wuta, idanu uku na HC-SR04 masu auna tazara da amon sauti daga santimita 2 zuwa mita 4, sai batir biyu a jere. Motsi huɗu ta sani, gaba, baya, hagu, dama. In ta yi gaba ba ta yi karo ba ta samu ladan maki 1, in ta yi karo a ci ta tarar maki 10. Katin ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Na farko an horar da shi a kan simintin aji, aiki kawai. Na biyu an bar shi ya yi wasa.

Da aka sa na farko a tsakar gida sai ta rikice, kuma dalilan a fili suke. Yashi na sa taya ta zame, juyin da ke ba da kwana cikakkiya a siminti ya tsaya a rabi. Batiran na farawa da bolt 8.4 suna raguwa, L298N kuma na cinye wajen bolt 2, saboda haka ƙarfin safe ba shi ne na la'asar ba. Zanen da aka shanya yana shanye amon, ido ya ce hanya a buɗe take. Har zafi na da hannu: sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, amma kusan 356 a digiri 42, kuskuren kusan kashi 4 cikin ɗari ke nan in ba a gyara lissafin ba.

Kati na biyu ya yi tuntuɓe kaɗan, ya gyara, ya wuce. Wasan nasa iri uku ne. Da farko duk motsi da ƙuri'a ake zaɓarsa, sannan a riƙa rage ƙuri'ar har ta kai kashi 5 cikin ɗari, ba a kai ta sifili, don ranar da ƙasa ta canza a samu ƙofar sabon koyo. Sai wasan kwamfuta, wato kwaikwayon motar a cikin kwamfuta, inda kowane zagaye ake sauya santsin ƙasa, ƙarfin batir da ƙaryar idanu. Da irin wannan dabara kamfanin OpenAI ya horar da hannun inji mai juya ɗan akwatin wasa na Rubik a 2019. Nan ake yin mafi yawan karon, tunda a zahiri kowane karo na iya cin taya ko ido, kayan kuma daga Kano ake kawo su, ga kuɗin mota a kai.

Na ukun ya fi burge ni: a sake ta ba manufa, ladanta shi ne cin karo da abin da ba ta zata ba. Tarkonsa labulen ƙofa. Iska na kaɗa shi, ba ya taɓa tsinkayuwa, sai motar ta kafe gabansa tana kwasar lada har batir ya mutu. Mushe ya mayar da ladan kan raguwar kuskuren hasashe, abin da ba ya koyuwa kuwa ta gaji da shi ta tafi. Ya nuna mini 'ya'yan jar akuyar Maraɗi suna tsalle a kan turmi suna faɗowa da gangan. Masanan dabbobi uku, Spinka, Newberry da Bekoff, sun kawo hujja a 2001 cewa wasan dabbobi horo ne na fuskantar bazata.

Da yamma ɗalibansa suka nuna manhajar dara, gurbi 30, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, wadda ke koyo ta hanyar karawa da kanta, yadda Gerald Tesauro ya yi da TD-Gammon, manhajar wasan backgammon, a 1992. Wani dattijo a ƙofar gida ya cinye ta sau da dama. In da sabuwar kanta kaɗai take wasa, tsofaffin dabaru take mantawa. Maganin shi ne a ajiye tsofaffin kwafi a riƙa haɗa ta da su. "Baba, a sake?" "Ku bar ta ta girma," ya ce.

Na leƙa tabkin Madarumfa, na ci kifi, na biya ta Tibiri ban daɗe ba. Kilishin babbar kasuwa ya yi daɗi, amma in ka mayar da kuɗin naira, gara na Kano.