Sabon laburare a kan tsayayyen Debian: yadda muke yi a kamfaninmu

Ƙaramin kamfaninmu manhajoji yake rubutawa, kuma duk sabobin da muke kula da su, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta intanet, a kan Debian suke, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux. Kwanciyar hankali muke nema. Debian na fitar da tsayayyar siga kusan duk bayan shekara biyu: Bullseye a 2021, Bookworm a 2023, Trixie a 2025. Da zarar siga ta fita, laburaren da ke cikinta, wato shiryayyun gutsattsarin manhaja da wasu manhajoji ke dogara da su, sun tsaya cak, ba abin da ake ƙara musu sai facin toshe ɓarakar tsaro da gyaran manyan kurakurai. Su kuwa masu asalin laburaren ba sa jiran kowa, kullum gaba suke yi.

To, a nan aikin yake. Ma'aikaci zai zo ya ce abin da yake buƙata sai a sabuwar siga. Tambayar da nake fara yi masa ita ce: me sabuwar take yi wanda tsohuwar ta kasa? Sau da yawa sha'awa ce kawai, sai mu haƙura. Idan buƙatar gaskiya ce, mukan fara leƙa rumbun backports, inda mutanen Debian suke sake gina sababbin sigogi don su dace da tsayayyen tsarin.

In babu a can, sai mu kawo da kanmu, amma da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: ba a taɓa laburaren tsarin. Na yaren Python muna zuba su cikin venv, wato keɓaɓɓen wuri na aiki guda. Tun daga Bookworm ma pip, mai sauko da laburaren Python, yake ƙin zuba kaya a kan Python ɗin tsarin, kuma wallahi na ji daɗin wannan doka, don ta hana ɓarna mai yawa. Na yaren C kuma muna gina su a cikin /opt, ma'ajiyar ƙarin manhajoji, mu nuna wa manhajarmu hanyar zuwa gare su da saitin rpath, ko mu sa komai cikin kwantena, wato keɓaɓɓen muhalli, da manhajar Podman. Wanda ya danne abin da ke /usr, inda laburaren tsarin suke, wasu manhajoji da dama da suka dogara da shi ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Ga glibc kuma, babban laburaren C da kusan kowace manhaja ke dogara da shi. Abin da aka gina a kan Bookworm, mai glibc 2.36, yana iya ƙin tashi a kan Bullseye, mai 2.31. Shi ya sa muke gini a kan mafi tsufan tsarin da abokan cinikinmu ke amfani da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Idan aka gano ɓaraka a OpenSSL, laburaren da ke sirranta bayanai, 'yan tsaron Debian za su yi faci, apt, mai sabunta manhajojin tsarin, ya sauko da shi, duk manhajar da ke amfani da na tsarin ta samu. Amma kwafin da muka ajiye a /opt ko cikin kwantena, apt bai san da zamansa ba. Daga ranar da muka kawo shi, gadinsa ya dawo wuyanmu, alhali bayanan mutane ne amana a hannunmu. Don haka muna da rajista: sunan kowane laburare, sigarsa, dalilin kawo shi, da wanda ke bibiyar sanarwar tsaronsa.

Sabuwar siga ma tana da nata haɗarin. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya bankaɗo wata ƙofar baya, wato hanyar kutse ta sirri, da aka ɓoye a xz, manhajar matse fayiloli, siga 5.6.0 da 5.6.1. Ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian, amma ba ta kai ga tsayayyen ba.

Duk da haka muna da kwamfuta guda mai reshen sid, inda sababbin sigogi ke fara shiga Debian, don gwaji kawai. Idan muka ci karo da kuskure a laburare, masu shi za su fara tambaya ko yana nan a siga ta ƙarshe. A kan wannan kwamfutar muke gwadawa, mu tura musu rahoto, in mun iya har da facin. Ranar da gyaran ya iso cikin Debian, sai mu goge namu kwafin, mu soke sunansa daga rajista.