Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zuwana Majalisar Austin

A makon jiya na tsaya a inda na sami aikin kula da tsofaffi a Houston, muka sa 'yar autata a firamaren unguwarmu. Ba a daɗe ba sai ga masifar Uvalde, wani gari a jiharmu ta Texas a Amurka. Ranar 24 ga Mayu, 2022, wani saurayi ɗan shekara 18 ya shiga makarantar Robb da bindiga ƙirar AR-15, ya kashe yara 19 da malamai mata 2. Jami'an tsaro kusan 400 suka taru a wurin, amma sai da aka shafe minti 77 kafin su afka ajin. Bindigar kuwa ba sata ya yi ba. Cikarsa 18 ke da wuya ya shiga kanti ya saya bisa doka, a jihar da ko giya ba za a sayar masa ba sai ya kai 21.

Bayan an koma hutu, 'yata ta dawo wata rana tana ba ni labari. "Umma, yau mun yi atisaye. Malama ta kashe fitila, ta kulle ƙofa, muka maƙure a lungu. Ta ce ko fitsari ya matse ka, ka yi shiru." Tana faɗa tana cin tuwonta hankali kwance. Ni kuwa lomar da ke bakina ta ƙi wucewa.

Shi ya sa a Afrilun 2023, da wata maƙwabciyata ta ce za ta Austin, babban birnin Texas, sauraron wani ƙuduri kan bindiga a majalisar dokokin jihar, na roƙi Abbansu ya bar ni in bi ta. Iyayen yaran Uvalde sun zo rungume da hotunan 'ya'yansu. Ba su ce a ƙwace bindigar kowa ba. Abin da suka nema shi ne a ɗaga shekarun sayen irin wannan bindiga daga 18 zuwa 21. Tun safe aka zaunar da su, sai cikin dare aka ba su damar magana. Na ga wata uwa ta jingina da bango, hoton na ƙirjinta, ta kasa ko kurɓar ruwan da aka miƙa mata.

Ranar 8 ga Mayu kwamitin majalisar da ya saurare su ya amince da ƙudurin, ƙuri'a 8 da 5, kwana biyu bayan an kashe mutum 8 a wata kasuwa a garin Allen na Texas. Na yi ta hamdala. Ashe an gama ke nan. Ba a sa shi a jadawalin zauren ba har wa'adi ya wuce, ko ƙuri'a ba a kaɗa ba. Wallahi wannan ne ya fi ƙona min rai: da sun miƙe sun ce ba su yarda ba, da an san fuskar kowa. Majalisar Texas sau ɗaya take zama a shekara biyu, kwana 140, amma a 2021 ta sami lokacin halatta yawo da ƙaramar bindiga ba lasisi.

A daren na ce wa Abbansu mu mayar da yaran Kano wurin Hajiya. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.