Wasiƙa Daga Manchesta Zuwa Ga Matasan Jos Masu Sha'awar Harkar Waƙa

Assalamu alaikum, ƙannena na Jos da kewaye.

Ina rubuto muku daga birnin Manchesta na ƙasar Ingila, inda nake aiki a wani ƙaramin kamfani mai bin sawun kuɗin marubuta waƙa. Saƙonnin da nake samu daga gida ne suka sa na ɗauki alƙalami, domin kusan dukkansu buƙata ɗaya suke ɗauke da ita, wato in saurari muryar wane in ga ko za ta kai shi wani wuri. Har yau babu wanda ya tambaye ni yadda ake zama injiniyan sauti, ko manajan mawaƙi, ko lauyan da ke duba yarjejeniya, alhali a waɗannan guraben ne na ga mutane suna riƙe da iyalansu shekara da shekaru.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗan fada ya san mawaƙi ba ya fita shi kaɗai, akwai masu kotso ko taushi, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira, kuma kowa ya san kasonsa idan an zo rabo. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne ya fita daban da kuntiginsa, kuma irin wannan baiwa ba kowa Allah yake ba wa ba. A zamaninmu ma, kamfanin Chocolate City da ya fito da Jeremiah Gyang da M.I da Ice Prince, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Audu Maikori, lauya ne da ya karanta shari'a a Jami'ar Jos.

Bari in daɗe kaɗan a kan haƙƙin mallaka, saboda nan ne aka fi cutar mu, kuma nan ne aiki ya fi jiran masu yi. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Na farko na wanda ya tsara baitoci da kari ne, na biyu kuma na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa a situdiyo, kuma kowanne da hanyar da kuɗinsa ke bi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare na farko har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na biyu kuma shekara 50 bayan fitar da shi, sannan ta ce ba a miƙa wa wani haƙƙi kacokan sai a rubuce. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya (NCC) da ke Abuja ce ke kula da dokar, ƙungiyar MCSN kuma tana karɓo wa mambobinta kuɗi daga masu amfani da waƙoƙinsu. A nan Ingila PRS ce ke karɓar na marubuta, PPL kuma na masu sauti da makaɗa, kuma hatta mai shagon aski da ke kunna kiɗa don masu zuwa aski sai ya biya lasisi.

Ranar da ba zan manta ba a wurin aiki ita ce ranar da na ci karo da sunan wata waƙar Hausa a jerin waƙoƙin da aka kunna a wani gidan rediyo na nan. Ga sunan waƙar, ga adadin kunnawa, amma gurbin marubuci fayau, babu suna, babu lamba. Na zauna ina kallon allon kwamfuta, na tuna wani ɗaki a Titin Bauchi da muka liƙa wa katifa a bango don tare ƙara, inda na kwana uku ina haɗa wa wani mawaƙi kiɗa a fiyano. Ya biya ni kuɗin aiki, muka yi musabaha, ba mu rubuta komai ba. Waƙar ta zagaye gidajen biki, masu tura waƙa a waya suka ci kasuwarsu da ita, ni kuwa ba ni da abin da zan nuna cewa hannuna na ciki. Ba na cewa ya zalunce ni, domin shi ma bai san akwai abin da ake rubutawa ba.

To, yaron da ya iya cike takardar rabon kaso, wadda ke nuna wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, da kashi nawa kowa zai samu, ya kuma san yadda ake samar wa waƙa lambar ISRC, wato lambar shaida da ake gane kowace waƙar da aka naɗa da ita, da yadda ake ɗora ta a Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, wannan yaro ya samu sana'a ko da bai taɓa rera baiti ɗaya ba. Mawaƙa goma za su iya dogara da shi a lokaci guda, ya riƙa karɓar kasonsa bisa yarjejeniya.

Sai aikin sauti, wanda ku mutanen Jos kuka fi kowa sa'a a kansa, tunda Kwalejin Talabijin ta NTA da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa duk a garinku suke. Wanda ya ƙware a ɗaukar murya da tace sauti ba ya jiran mawaƙi kaɗai, domin masu fim da gidajen rediyo da masu wa'azi da masu taron biki duk suna nemansa. Sai dai aiki ne na kunne da haƙuri, kuma farkonsa naɗe waya ne da ɗaukar lasifika a bayan wanda ya riga ka. Akwai kuma shirya wasa da ɗaukar bidiyo da tallata waƙa a intanet, waɗanda kun fi ni sanin yadda suke tafiya a gida yanzu.

Na san da yawanku kuna ɓoye wa iyaye wannan sha'awa saboda kallon roƙo da ake yi wa waƙa. Ina ganin mahaifin da ba zai yarda ɗansa ya tsaya a gaban jama'a ana yi masa liƙi ba, zai iya sa albarka idan aka ce masa lauya ko akanta ko injiniya ɗan zai zama, kuma 'yan mata ma suna da wuri a waɗannan ayyuka ba tare da sun hau dandamali ba.

Zan ci gaba da sauraren muryoyin da kuke aiko mini da yardar Allah. Roƙona shi ne, daga yau duk wanda zai turo waƙa ya haɗo da hoton takardar da shi da mai kiɗansa suka sa wa hannu, zan duba masa ita kyauta in nuna masa inda take buƙatar gyara.

Ku gaishe mini da mutanen Gangare da Anguwar Rogo.

Naku,
Yayanku a Manchesta