Ashe kore ne

Yau ƙanena ya kawo min faifan Voltron, katun ɗin zakokin ƙarfe da muke kallo muna yara, irin wanda aka sake wanke hotonsa aka gyara sautin, muka sa ni da ɗana bayan sallar isha'i. Da aka zo wurin da zakoki biyar ɗin nan suke haɗuwa su zama ƙato guda, sai na ajiye kofin shayi na ƙura ido. Wallahi ban taɓa ganin launinsu ba sai yau. A wancan lokacin talabijin ɗin gidan maƙwabcinmu mai baƙi da fari ce, mu goma sha muke cunkushewa a kan tabarma ɗaya, ana addu'a kar a ɗauke wuta kafin a zaro takobi. Kowa da zakinsa. Nawa shi ne na hannun hagu, har dambe na yi a kansa, ina rantsuwa ja ne. Ashe kore ne!

Sai da na girma na san asalinsa na Japan ne, kamfanin Toei ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, Amurkawa suka yanke wasu wurare suka sake masa suna a 1984. Ɗana dai bai burge shi ba, cewa ya yi, “Baba, me ya sa bakinsu kaɗai ke motsi?” Na yi dariya, na kasa ba shi amsa. Hoton ya fito tas, ba yayyafi ko kaɗan, amma ni yaron da muka yi damben nake ta tunawa. Shi ne mai gaskiya, kuma rabona da shi ya fi shekara 30.