Waƙar haƙuri da ta sa na rushe babi guda

Wata huɗu na zuba a babi na uku na kundin digirina, ƙarshe da hannuna na rushe shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Aikin kan rubutattun waƙoƙin matan Hausa na wannan zamani ne, da yadda suke maganar 'yancin mace. Tarihi bai ba ni wahala ba: daga Nana Asma'u da 'Yan Taru, matan da ta tsara don ilmantar da 'yan'uwansu mata, har zuwa Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka buga waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983.

Inda na yi tuntuɓe shi ne na haddace ra'in matantaka, wato hanyar nazarin adabi ta fuskar 'yancin mace, tun kafin in zauna da waƙoƙin. Na shiga ina farautar tawaye. Baitin da ya ambaci auren dole ko hana 'ya mace karatu, in ja masa layi. Wanda bai ɗaga murya ba, in wuce.

A haka na ci karo da waƙar wata malamar makaranta, ƙwar biyar ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyar, baiti 24, kowane baiti yana rufewa da kiran mata su yi haƙuri. Nan take na yanke mata hukunci: waƙar miƙa wuya. Shafi 11 na rubuta ina kafa hujja da ita.

Malamina ya karanta, ya ɗago ya ce, "Malama, kin ji an rera ta kuwa?"

Ban ji ba. Kwafin takarda kawai gare ni.

Da na je gidan marubuciyar na ce, "Hajiya, don Allah a rera mini," tun a baiti na uku jikina ya yi sanyi. Ɗango huɗun farko lissafi ne na abin da ake yi wa mace: cefanen da ba a bayarwa, sakin da ake yi da jariri a goye. Sai ta ja numfashi, ta sassauta murya, ta saki "haƙuri" a ɗango na biyar kamar mai kwaikwayon bakin dangin miji. Ashe habaici ne tsantsa! Kuma akwai sabi-zarce, wato zarcewar magana daga ɗango zuwa na gaba, da ban lura da shi ba, domin na riƙa tsayawa a ƙarshen kowane ɗango, alhali maganar sai a na gaba take cika, ta juya ma'anar gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan salon tun ina yarinya. A gidan biki na tashi ina jin Barmani Choge da kiɗan ƙwaryarta tana gasa wa kishiya da malalaciyar mace magana a fakaice. Amma da na ga abin a rubuce, sai na mance kunnena a gida.

Duk mai shirin irin wannan nazari, ki feɗe salon tukuna: amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen ɗango), kari (ma'aunin waƙa), kinaya, jinsintarwa (ba wa abu halin wani jinsi), da inda mai waƙa ke jan numfashi. Ki nemi a rera miki, ko da ta waya ce, kafin ki rubuta kalma ɗaya kan jigo. Matanmu da yawa ba sa fito-na-fito a waƙa, domin miji da surukai na cikin masu sauraro.

Sabon babin ya ci mini wata biyu, kuma waƙar da na kira ta miƙa wuya ita ce ta zama ginshiƙinsa. Kwafin farko da na ɗaure, Hajiya na kai wa.