Tafiyata Kano Wurin Masu Tsallake Shingaye

Wani tsohon ɗalibina ne sanadin wannan tafiya. Shekarun baya yana cikin yaran da nake koya wa guje-guje a wata sakandare a Zariya, yanzu kuma yana Kano yana sana'ar walda, da yamma yana horar da samarin unguwarsu wasan tsallake shingaye. Ya kira ni ya ce, "Malam, yaran nan sun ƙware, amma mun rasa wanda za mu kai wa kanmu. Don Allah ka zo ka gani da idonka."

Na shiga mota a Kwangila da sanyin safiya, hunturu ya kankama, hazo ya sa direba tafiya a hankali har muka wuce Tashar Yari. Daga Kwanar Dangora rana ta buɗe. Wajen Kura gonakin rani sun yi kore shar, kwandunan tumatir jere a bakin titi suna jiran motocin Kudu. Na sauka a Unguwa Uku, na hau a-daidaita-sahu, muka bi ta Gyaɗi-Gyaɗi muka shiga gari. Da muka zo Ƙofar Mata na leƙa filin wasa na Sani Abacha, na tuna lokacin da nake kawo ɗalibai gasa, sai muka zarce wajen Goron Dutse inda yake jirana.

Bayan la'asar ya kai ni filin nasu. Fili ne na ƙasa a bayan wasu gidaje, babu ciyawa, babu katanga. Shi ya ƙera komai da hannunsa daga ragowar ƙarafan shagonsa: doguwar rumfar ƙarfe da ake bi da hannuwa ana lilo, zobba rataye da sarƙa, bangon katako mai gangara da ake hawa da gudu, tsofaffin tayoyi a binne rabi cikin ƙasa, igiyar rijiya ɗaure a reshen darbejiya. Inda ya kamata a shimfiɗa katifa, buhunan dusar katako suka jera. Samarin suka fara. Akwai wani siriri, ɗan tireda ne a Kurmi, da ya kama zobe na farko ban ga ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba sai da ya dafa saman bangon. Na daɗe ina aikin horar da yara, na san bambancin mai ƙarfi da mai baiwa. Wannan yaro yana da baiwa, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Bayan magariba muka zauna a tabarma ƙofar shagon, aka kawo shayi, tambayar ta fito fili. A Facebook da YouTube suke ganin gasannin duniya, kowace da tambarinta, kowace tana kiran wanda ya ci nata zakaran duniya. To wace ce ta gaskiya? Na faɗa musu abin da na sani, kuma ba gajeren labari ba ne.

Wannan wasa bai taso daga ofishin wata ƙungiya ba. A Ingila an fara gasar Tough Guy a 1987. A Japan gidan talbijin na TBS ya fara shirin gasar tsallake shingaye mai suna Sasuke a 1997, wanda daga gare shi salon ninja ya bazu duniya. A Amurka kamfanonin Spartan da Tough Mudder suka taso a 2010 suna sayar da tikiti ga dubban mutane su shiga taɓo su tsallake bango, har Spartan ya saye Tough Mudder a 2020. 'Yan kasuwa da masu talbijin ne suka raini wasan. Ƙungiyar da ta ce ita ce uwar wasan a duniya, wadda ake kira World Obstacle ko FISO, sai a 2014 aka kafa ta, Ian Adamson ya shugabance ta, mazauninta a Lozan ta Suwizalan. A shekarar nan ce kuma wani kamfani mai zaman kansa ya fara tasa gasar cin kofin duniya, ba da izinin kowa ba. FISO ta yi ƙoƙari. An saka wasan cikin gasar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya a Filifin a 2019, a 2021 kuma ta samu kujerar 'yar kallo a GAISF, inuwar da ke tattara ƙungiyoyin wasanni na duniya a lokacin. Ba a jima ba, a Nuwamban 2022, GAISF ta kaɗa ƙuri'ar rushe kanta.

Ɗan tiredan nan ya ce, "To Baba, ai mun ji an ce wasan ya shiga Olamfik."

Ya shiga, amma ta wata hanya dabam, kuma doki ne sanadi. Akwai wasan fanni biyar na zamani da aka fara a Olamfik na 1912: takobi, ninƙaya, hawan doki, harbi da gudu. Ƙungiyarsa ita ce UIPM, an kafa ta a 1948, tana Monako. A dokarsu ta da, ɗan wasa ba ya zuwa da dokinsa, ƙuri'a ake jefawa a ba shi doki, a ba shi minti 20 su saba. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, Annika Schleu ta Jamus tana kan gaba, dokin da ta samu ya ƙi tsallaka shinge, tana kuka tana dukansa, kociyarta Kim Raisner ta kai wa dokin naushi a gaban kyamara. Aka kori kociyar, duniya ta yi caa. A Nuwamban shekarar shugabannin UIPM suka yanke shawarar cire doki. 'Yan wasa da yawa suka tayar da ƙayar baya ƙarƙashin sunan Pentathlon United, cikinsu har da Joe Choong na Birtaniya wanda ya ci zinare a Tokiyo, suna cewa ba a shawarce su ba. Bai hana komai ba. An gwada tsallake shingaye a Ankara a Yunin 2022, babban taron ƙungiyar ya amince a Nuwamba, sannan a Oktoban 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya zauna a Mumbai ya tabbatar da wasan a gasar Los Anjeles ta 2028 da shingaye a madadin doki. Daga nan FISO da UIPM suka shiga tsarin haɗewa, UIPM ce a sama.

Nan ne na ga fuskokinsu sun canja, domin sun gane lissafin tun kafin in ƙarasa. Wanda zai je Olamfik ta wannan hanya sai ya iya takobi, ya iya ninƙaya, ya iya harbi da bindigar leza yana gudu. Tsallake shingaye kashi ɗaya ne cikin biyar. Yaron da ya fi kowa lilo a Kano, ina zai samu kayan takobi, ina wurin ninƙayar da zai shiga kullum? Wani dattijo maƙwabcinsu, tsohon ɗan dambe, yana gefe yana saurare, ya ce, "Malam, wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi." Ban musa masa ba. Duk da haka na gaya musu ɗaya gefen: cire doki ya rage tsada, kuma Ahmed Elgendy na Masar ya ci zinaren maza na wasan fanni biyar a Olamfik na Faris a 2024, wato ɗan Afirka na iya kaiwa ƙololuwa idan ƙasarsa ta tsaya masa shekara da shekaru kamar yadda Masar ta yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba wannan ne karo na farko ba. Wasan fakur, na tsalle-tsalle a bango da rufin gidaje, samari ne suka ƙirƙiro shi a unguwannin bayan Faris, David Belle na cikin na gaba. A farkon 2017 Birtaniya ta amince da shi a matsayin wasa mai cin gashin kansa. A shekarar nan ƙungiyar jimnastik ta duniya, FIG, ta ce ya shiga hurumenta. Masu wasan suka kafa Parkour Earth suna cewa an yi musu ƙwace. FIG ta tabbatar da matakinta a taron Baku a Disamban 2018, ta yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a 2022. Dalilin duk wannan kokawa a fili yake. Kwamitin Olamfik ƙungiya ɗaya yake amincewa da ita a kowane wasa, wani kaso na kuɗin talbijin na Olamfik ga ƙungiyoyin da ke cikin gasar ake raba shi, kwamitocin ƙasashe irin namu kuma da reshen waccan ƙungiyar suke hulɗa. Tsohuwar ƙungiya mai kujera tana neman jinin matasa, sabon wasa yana da matasa ba shi da kujera. Idan aka haɗu, mai kujera ke rubuta doka. A ganina zalunci ne a yanke makomar wasa ba tare da waɗanda suke zubar da gumi a kansa ba, ko da an yi shi da niyyar alheri.

Washegari dattijon ya dage sai na raka shi gidan dambe na dandalin Ado Bayero a Sabon Gari. Kafin mu shiga muna jin kalangu. Ciki ya cika, 'yan Kudu a ɓangarensu, 'yan Arewa a nasu, ga Guramada, maroƙa na zuga, alƙali a tsakiya. Ya nuna mini da hannu ya ce, "Ka ga nan? Kowa ya san jam'iyyarsa, kowa ya san mai raba faɗa, kowa ya san wa ya kashe wa a bara. Ba wanda ya zo daga waje ya tsara mana." Na yi ta kallon yadda ake ɗaure zare a hannu, yadda ake haɗa tsara da tsara. Dambe yana da nasa matsalolin, rauni da ƙarancin kula da lafiyar 'yan wasa na gaba a ciki, kuma tun da bidiyonsa ya karaɗe intanet kamfanoni sun fara zagaye shi. Sai dai duk wanda zai zo, zai tarar da shugabanci a ƙasa, da tarihi a bakin mutane, dole ya yi sallama kafin ya shiga. Masu tsallake shingaye na Goron Dutse ba su da wannan tukuna.

Da dare muka koma shagon, na ce su kawo littafi. Muka auna filin da tef ɗin walda, muka rubuta tsawon kowane shinge da tazarar da ke tsakaninsu, domin lokacin da aka ɗauka yau ya yi daidai da na wata mai zuwa. Muka rubuta sunayen 'yan wasa da shekarunsu, da wanda zai riƙe agogo, da dokar cewa ƙaramin yaro ba ya hawa bango sai da yardar iyayensa. Suka zaɓi dattijon ya zama uban ƙungiya. Ɗalibina ya ce ya san wasu samari a Fagge da Hotoro masu irin wannan atisaye, zai neme su a shirya gasa bayan ƙaramar salla, a gayyaci hukumar wasanni ta jiha ta zo ta gani. Maganar katifu kuwa, na ɗauki alkawarin tambayar wani mai sayar da soso da na sani a Sabon Garin Zariya, domin buhun dusa ba zai tare karaya ba idan yaro ya faɗo daga saman rumfa.

Da hantsi ɗalibina ya raka ni Unguwa Uku. Motar Zariya saura mutum biyu ta cika, ya karɓi jakata ya miƙa wa kwandasta, ya ce zai turo mini lokutan yaran ta WhatsApp duk ranar Juma'a in duba ko an rubuta su daidai.