Zaren da Ke Ci Gaba da Su Bayan Mai Shi Ya Koma Gida

Sana'ata sayar da kayan kamun kifi ce a cikin garin Sakkwato: zare, ƙugiya, dalma, kalli (ragar da ake shimfiɗawa a ruwa), birgi (ragar da ake jefawa) da igiyar mamari mai jerin ƙugiyoyi. Yara biyu ke taya ni, ɗaya a kan awo, ɗaya a kan ɗinkin raga. Masu sayen kayana daga Kwalkwalawa suke zuwa, da Wamakko, da bakin Tafkin Kware, har da Goronyo inda aka datse Gulbin Rima a 1984. Kasuwarmu takan buɗe ne idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, kifi ya taru a tafkuna, kowa na neman sabon kaya. Daga Kano da Legas nake saro kayan, akasarinsu ƙirar Sin ne, don haka duk ranar da dala ta motsa sai mun ji a jikinmu.

Wanda bai san harkar ba gani yake zare zare ne. A'a. Masunci na shigowa zai ɗaga yatsu ya ce, "Alhaji, mai yatsa uku nake so," wato idon ragar da yatsu uku za su shige. Mai neman giwan ruwa da mai neman ƙawara ba kaya ɗaya suke saye ba, kuma dole mai shago ya san bambancin kafin a buɗe baki.

Dattawan Sarkawa sun ba ni labarin yadda iyayensu ke murza zaren auduga da na rama, su jiƙa shi a ruwan bagaruwa don ya yi ƙarko. Duk da haka in ya faɗa ruwa aka rasa shi, ruɓewa yake yi. Zaren roba da muke sayarwa yau kuwa, asalinsa nailan ne da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935. Yana da araha, yana da ƙarfi, kifi ba ya ganinsa a ruwa, kuma ba ya ruɓewa. Waɗannan halaye su suka sa masunta ke son sa, su ne kuma suka mayar da shi masifa da zarar ya fita hannun mai shi. Masana na ƙiyasta cewa yakan yi ɗaruruwan shekaru bai narke ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Kalli ya maƙale a kututture a ƙasan ruwa, mai shi ya ja ya ja, ya gaji, ya sa wuƙa ya yanke, ya tafi da abin da ya samu. Ragowar da ya bari ba ta san an sallame ta ba. Karfasa ta shiga ta mutu, warinta ya jawo tarwaɗa, ita ma ta maƙale, kififiya ta biyo baya. Haka za a yi ta yi wata da watanni, kifin da ba wanda zai ci, ba wanda zai kai Kasuwar Daji. Na sha ganin zalɓe da balbela a bakin gulbi zare ya naɗe musu ƙafa har ya shige cikin nama. Mamari ya fi tayar mini da hankali, don igiya ɗaya takan ɗauki ɗaruruwan ƙugiyoyi, ga yara na wanka a wurin, ga shanun Fulani na shiga shan ruwa. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin dabba. Masu noman rani ma na kuka, zaren kan shige injin ban ruwa ya naɗe farfela ana tsaka da shayar da albasa.

Sai dalma, wadda guba ce. A Ingila tun 1987 aka hana amfani da ƙananan dalmar fatsa saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye ta suna mutuwa. Wani bincike da masana a Ostareliya suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kayan su na duniya na salwanta a ruwa kowace shekara. Kada mu ce mu teku ta yi mana nisa: gulbinmu ta Argungu da Birnin Kebbi yake bi ya faɗa Kwara, Kwara kuma teku ta nufa.

Ni dai ba na ɗora laifin a kan masunci shi kaɗai. Ba wanda zai bar ragar da ya ci bashi ya saya da son ransa. Mu masu sayarwa muna da namu kason, musamman wajen shigo da siririn zaren nan mai arha da ba ya wuce kaka ɗaya. Na daina ajiye shi, na kuma daina sayar da raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi. Wasu sun koma wani shago, na sani, amma ban sauya shawara ba.

Na kuma ajiye buhuna a ƙofar shago. Duk wanda ya kawo tsohuwar raga ko dunƙulen zare, ina rage masa wani abu a kan sabo. Dalmar mukan cire a sake narkawa, igiya mai kauri masu lambu na saye don ɗaure shinge, siririn kuma yarana su tufka shi ya zama igiyar ɗaure kaya. Ƙonawa ce ba na yarda da ita, hayaƙinsa na cutar da ƙirji.

Da na kai maganar ga wani Sarkin Ruwa, na ce, "Baba, ku ake jin maganarku a bakin gulbi." Ya ce, "Ɗana, in ruwa ya ja baya a bazara zan sa samari su bi kututturan nan da ƙugiya, amma kai za ka kawo buhunan." Na amsa. Mun tsayar da aikin zuwa bayan an gama cire albasa, lokacin da samarin ke da sarari, kuma na fara yi wa sauran masu shaguna a layinmu magana kowa ya kawo nasa buhun.